Wa Ake Kai wa Kuka?

A Kaduna, idan aka tambayi mutum addininsa, amsa biyu kawai ake sa ran ji, kuma tun bayan rikicin watan Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 wannan amsar ce ke nuna gefen kogin da mutum zai nemi ɗakin haya. Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada, Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma sun taru a Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi. Saboda haka duk wanda ya ce yana nazarin addinin Buddha a wannan gari, jama'a ba su san inda za su ajiye shi ba. Wasu su ce ya shiga ƙungiyar asiri, wasu kuma su ce boko ne ya yi masa yawa. Ni ɗan Katolika ne, an yi mini baftisma ina jariri, na yi wa Fada hidima a bagadi ina yaro, mahaifiyata kuma tsohuwar 'yar Zumuntar Mata ce wadda har yau take ba da labarin zuwan Fafaroma John Paul na Biyu Kaduna a watan Fabrairun 1982. Duk da haka na daɗe ina auna addinin da na gada da koyarwar wani mutumin arewacin Indiya wanda ya rayu kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Almasihu.

Ba sha'awar ilimi ce ta kai ni ba. Ƙanena ne ya rasu a hannun masu garkuwa da mutane, bayan mun sayar da abin da za mu iya sayarwa mun biya kuɗin fansa. A zaman makoki, Kiristoci da Musulmin da suka zo gaisuwa magana ɗaya suka yi ta maimaitawa: sai haƙuri, Allah ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa. Ban yi musun ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ba, sai dai babu wanda ya gaya mini yadda ake yin haƙurin idan dare ya raba, ga shi zuciya tana ta zana fuskokin mutanen da ban taɓa gani ba tana shirya musu azaba. Ban daina gaskata cewa akwai Allah ba, amma na kasa yi masa magana, na kuma kasa jin wa'azin da ke cewa in gafarta, domin mai wa'azin yana ba ni umarni ne ba tare da ya nuna mini inda zan sa ƙafar farko ba.

A wannan hali ne na fara karanta labarin Siddhartha Gautama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, a gidan sarauta na kabilar Sakya. Bisa ga abin da mabiyansa suka adana, ya bar gida yana da shekara 29 bayan ya ga tsoho da majinyaci da gawa, ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya gane cewa wannan ma ba hanya ba ce, sannan ya sami wayewar da ta sa ake kiransa Buddha yana da shekara 35, a ƙarƙashin wani itace dangin ɓaure a Bodh Gaya, cikin jihar Bihar ta yau. Wa'azinsa na farko a Sarnath ya yi shi, kusa da Varanasi, ya kuma rasu a Kushinagar yana da shekara 80. Ginshiƙin koyarwarsa gaskiya huɗu ne: rayuwa tana tattare da wahala da rashin gamsuwa, tushen wannan wahala shi ne ƙishirwar zuciya, wato kwaɗayin riƙe abin da ba ya daɗewa da ƙin abin da ba a iya kaucewa, ana iya kashe wannan ƙishirwa, hanyar kashe ta kuma tana da rassa takwas da suka haɗa da gyaran fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura da natsuwa.

Abin da ya fara kama ni shi ne misalinsa na kibiya biyu. Ya ce mutumin da masifa ta same shi kamar wanda aka harba da kibiya ne, amma idan ya shiga kokawa da abin a zuciyarsa, yana ta juya shi yana ƙuna, ya ƙara wa kansa kibiya ta biyu a kan ta farko. Ta farko babu mai iya hana ta. Ta biyu kuwa ana iya koyon yadda za a daina harba ta. Wannan ya yi daidai da halin da nake ciki, domin mutanen da suka kashe ƙanena sau ɗaya suka kashe shi, ni kuwa kullum dare sai na sake kashe shi a tunanina. Buddha bai tsaya ga bayyana ciwon ba, ya ba da aikin yi: a zauna a miƙe baya, a lura da shigar numfashi da fitarsa, idan fushi ya taso a gan shi a matsayin abin da ya taso kuma zai faɗi, kada a bi shi, kada kuma a yi kokawa da shi. Akwai kuma horon da suke kira metta, wato fatan alheri, wanda ake yi mataki-mataki: mutum ya fara yi wa kansa fatan lafiya da kwanciyar rai, sannan ya yi wa masoyinsa, sannan wanda ba ruwansa da shi, sai a ƙarshe ya kai ga maƙiyi. Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, na kuwa haddace wannan tun a ajin katikis, amma a wurin mabiya Buddha na fara ganin an yanka umarnin gunduwa-gunduwa yadda mai rauni zai iya ɗauka. Na gwada, kuma ya yi mini amfani, domin barci ya dawo mini, na kuma daina yi wa mutanen gida tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Masu kwatanta addinan biyu suna son lissafa kamanninsu na zahiri: turaren wuta, ƙararrawa, 'yan zuhudun da ba sa aure, furta laifi a gaban 'yan'uwa, da carbi, wanda nasu ke da ƙwaya 108, namu kuma goma-goma sau biyar. Duk gaskiya ne, amma ban ga abin da suke warwarewa ba, tunda maƙwabcina Musulmi ma yana da carbi.

Na kai maganar gaban wani dattijon Fada da ya san gidanmu tun muna yara, ina tsammanin zai ce in ƙone littattafan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ka je nema Indiya yana nan a Masar, mu ne ba mu koya muku ba." Shi ya buɗe mini tarihin iyayen hamada, wato Kiristocin farko da suka keɓe kansu a hamada domin ibada, irin su Antoni na Masar wanda ya rasu a shekara ta 356, da Evagrius wanda ya tsara miyagun tunani guda takwas da ke addabar mai addu'a, ya kuma bayyana yadda ake lura da su tun suna tasowa, da John Cassian wanda ya kai wannan ilimi Turai. Wato Ikilisiya tana da nata horon zuciya mai zurfi, wanda aka haifa a nan nahiyarmu, amma a cocinanmu na yau an fi jin sanarwar bikin godiya na kaka, da bazar, da gidauniyar gini, fiye da yadda mai baƙin ciki zai zauna shiru a gaban Ubangiji. A nan ina ganin laifinmu ne mu duka, limamai da mabiya, domin mun mai da ibada abin da ba ya yiwuwa sai da lasifika.

Fadan ya kuma nuna mini cewa Ikilisiya ba ta haramta mini wannan nazari ba. A ranar 28 ga Oktoban 1965, babban taron Batikan na biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta ambaci addinin Buddha da suna, ta yarda cewa ya gane gazawar wannan duniya mai sauyawa, ta kuma ce Ikilisiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai. Ɗan Nijeriya ne ma, Kadinal Francis Arinze, ya jagoranci ofishin Batikan mai kula da tattaunawa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002, ofishin da ke aika wa mabiya Buddha gaisuwa kowace shekara a bikinsu na Vesak. A 1986 Fafaroma John Paul na Biyu ya tara shugabannin addinai a garin Assisi na Italiya domin addu'ar zaman lafiya, Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, yana cikinsu. Tun kafin nan, Thomas Merton, wani ɗan zuhudun Katolika daga jihar Kentucky ta Amurka, ya je ya gana da Dalai Lama a Dharamsala ta Indiya a 1968, ya kuma rasu a kusa da Bangkok a watan Disamba na wannan shekara ba tare da ya bar alkawarin zuhudunsa ba. Sai dai ƙofar ba a buɗe take warwar ba. A 1989 ofishin Batikan mai kula da koyarwar addini, ƙarƙashin Kadinal Ratzinger, ya yi gargaɗi cewa kada Kirista ya ɗauki natsuwar da jiki ke samu daga irin wannan zama a matsayin saduwa da Allah, kuma maganganun da John Paul na Biyu ya yi a 1994, inda ya siffanta ceton addinin Buddha da cewa na juya wa duniya baya ne, sun ɓata wa shugabannin addinin a Sri Lanka rai har suka ƙaurace wa ganawa da shi lokacin ziyararsa a Janairun 1995.

Akwai rashin adalci guda a cikin irin awon da nake yi, wanda duk mai neman addini ta hanyar littafi da waya ya kamata ya kula da shi. Katolika na san shi ciki da bai: na san rigimar ƙabilanci a zaɓen shugabannin ƙungiyoyi, na san yadda ake girmama mai kuɗi a kujerar gaba, na san labaran limaman da suka ci amanar yara a ƙasashe da dama da yadda aka yi ta rufe su. Addinin Buddha kuwa a takarda na same shi, tsaf-tsaf, bayan Turawa sun tace shi sun zubar da duk abin da bai yi musu daɗi ba. Wannan kamar auna tuwon gidanku ne da hoton abinci a kalanda. Addinin Buddha na gaske yana da mutane, mutane kuwa halinsu ɗaya ne ko'ina. A Myanmar, ƙasar da mafi yawan jama'arta mabiya Buddha ne, Musulmi 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga watan Agustan 2017, akwai kuma 'yan zuhudu masu jan mayafi da suka yi shekaru suna hura wutar ƙiyayya a kansu, alhali dokar farko cikin dokoki biyar na kowane mabiyi ita ce kada a kashe mai rai. Mu da muka ga an kashe mutane a titunan Kaduna da sunan addinan da dukkansu ke wa'azin salama, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Haka nan talakan Thailand ko Sri Lanka ba ya wuni yana lura da numfashi. Yana kai wa 'yan zuhudu abinci da safe domin neman lada, yana roƙon albarka, yana yi wa mamatansa sadaka. A Sin da Japan ma akwai babbar ɗariƙa wadda mabiyanta ke dogara ga kiran sunan wani Buddha dabam mai suna Amitabha domin ya karɓe su bayan mutuwa, abin da ya fi kusa da dogara ga alheri fiye da dogara ga ƙoƙarin kai.

Da na cire kamanni na zahiri da laifuffukan mabiya na ɓangarorin biyu, abubuwa kaɗan suka rage, amma su ne masu nauyi. Buddha bai koyar da Mahalicci ba. Da wani almajirinsa ya matsa masa da tambayar ko duniya tana da farko ko ba ta da shi, sai ya ce mai irin wannan tambaya kamar wanda aka harba da kibiya mai dafi ne ya ƙi a cire ta sai an gaya masa sunan maharbin da irin itacen bakansa. Ya kuma koyar cewa babu wani rai tabbatacce da ba ya sauyawa a cikin mutum. Abin da muke kira "ni" tarin jiki ne da ji da fahimta da niyya da sani, waɗanda ke tasowa suna gushewa, kuma abin da ke tura wannan jerin daga haihuwa zuwa wata haihuwar shi ne kamma, wato aikin da aka yi da niyya da sakamakonsa. Bahaushe ba zai sha wuyar gane kamma ba, tunda shi ya ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, Bulus ma ya rubuta wa Galatiyawa cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ya kamata in yi wa Buddha adalci a nan: bai ce duk masifar da ta sami mutum sakamakon aikinsa na baya ba ce, ya ambaci ciwo da yanayi da cutarwar wasu a matsayin dalilai masu zaman kansu, don haka ba zai ce ƙanena ya girbi abin da ya shuka ba. Bai kuma rufe wa mai kisa ƙofa ba, domin Angulimala, ɗan fashin da ya kashe mutane da yawa, ya tuba ya zama almajirinsa. Amma ko bayan tubarsa sai da jama'a suka jefe shi har jini ya zuba, Buddha ya ce masa ya jure domin sakamakon aikinsa ne yake karɓa. A cikin wannan tsari babu wanda ke da ikon yafe bashin. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu kuwa roƙo ɗaya ya yi, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Wannan ya fi daɗin ji idan mutum yana tunanin zunubansa, amma yana da ɗaci ƙwarai idan ya tuna cewa ƙofar nan a buɗe take ga waɗanda suka karɓi kuɗinmu suka kuma kashe ɗan'uwanmu.

Inda hanyoyin biyu suka rabu mini sarai shi ne a kan labarai biyu na makoki. Wata mace mai suna Kisa Gotami ta zo wa Buddha da gawar ɗanta tana neman magani. Ya ce ta kawo masa ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa yin mutuwa ba. Ta bi gida-gida, kowa yana da mastad, amma babu gidan da bai taɓa fitar da gawa ba, har ta gane cewa mutuwa ba ita kaɗai ta zaɓa ba, ta je ta ajiye ɗanta. Hikimar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, kuma da a Kaduna aka aike ta, ko ta haye gada ko ba ta haye ba, hannu wofi za ta dawo. Da ta je Malali da an ba ta labarin harin da aka kai cocin St. Rita a Oktoban 2012, da ta je Kakau da an gaya mata yadda aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Janairun 2020, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18, da ta shiga Rigasa ko Tudun Wada da ta tarar da nasu makokin. A ɗaya labarin, cikin Bisharar Yohanna sura 11, Li'azaru ya mutu a Baitanya, Marta ta tari Yesu a hanya ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Wannan ƙorafi ne, kusan zargi, kuma Yesu bai koya mata cewa komai mai gushewa ne ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi kuka, sannan ya kira mamacin da sunansa.

Kisa Gotami ta sami fahimta, Marta kuwa ta sami wanda za ta kai wa kuka, ni kuma na gane cewa na biyun nake bukata ko da na farkon ya fi saurin kwantar da zuciya. Fushin da nake yi da Allah bai taɓa zama shaidar cewa babu shi ba, domin ba a fushi da wanda ba a sa rai gare shi. Littafin Ayuba cike yake da irin wannan jayayya, Zabura ta 22 kuma, wadda Yesu ya ɗauko a kan gicciye, ta fara ne da tambayar Allah don me ya yashe shi. Addinin Buddha zai ce mini wannan riƙon da na yi wa ƙanena, da sunansa da muryarsa da dariyarsa, shi ne ainihin ƙishirwar da ke ƙona ni, kuma ta fuskar yadda zuciya ke aiki ba zan iya ƙaryata shi ba. Sai dai ba na son a warkar da ni daga wannan riƙon. Ina son ya zama cewa shi ɗin nan, ba wani jerin sakamako da ya ci gaba a wani jiki ba, yana nan a wurin wanda ya san shi, kuma abin da muke furtawa kowace Lahadi game da tashin jiki da rai madawwami ke nan. Ba ni da hujjar da zan tabbatar wa mabiyin Buddha da wannan, shi ma ba shi da wadda zai tabbatar mini da sake haihuwa. Kowannenmu ya ba da gaskiya ne ga abin da ido bai gani ba.

Wani abokin aikina Musulmi, da na yi masa bayanin duk wannan, ya yi shiru sannan ya ce, "To Malam, idan babu Allah a cikin lissafin, wa suke roƙo ranar da abin ya fi ƙarfinsu?" Tambayarsa ita ce tawa, kalma da kalma. Sai da na zagaya ta Indiya sannan na ga cewa addinan biyu da suka raba garinmu gida biyu sun haɗu a kan ainihin abin da Buddha ya ajiye gefe: akwai Mahalicci mai ji, akwai rai da za a tayar, akwai ranar hisabi, akwai kuma rahamar da ta wuce lissafin aiki.

Yanzu ina zuwa Mas, ina karɓar Jibin Ubangiji, kuma kowace ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan mamata, ni ne ke kai sunan ƙanena ofishin coci domin Mama ba ta iya rubuta shi ba tare da ta fashe da kuka ba. Ban bar zaman lura da numfashi ba, sai dai na mai da shi share fage kafin addu'a, ba madadinta ba, na kuma san cewa mabiyin Buddha na gaske zai iya cewa na ɗauki kayan aikinsa na bar manufarsa, kuma yana da gaskiya. Horon fatan alheri har yanzu yana tsaya mini a matakin ƙarshe, haka ma Addu'ar Ubangiji idan aka zo wurin roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. A wani zaman majalisar cocinmu na kawo shawarar a ware lokaci a mako domin koya wa iyalan da aka kashe musu mutane addu'ar shiru irin ta iyayen hamada, tunda irin waɗannan iyalai sun yi yawa a cikinmu. Kowa ya ce shawara ce mai kyau, aka rubuta ta, aka kuma ce za a dawo kanta idan an gama da batun ɗaga katangar coci da biyan masu gadi.